Canjin Sana'a a Tsakiyar Rayuwa: Darasi Daga Tiga da Riruwai

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in an jera su wuri ɗaya sai a ga kamar musu suke yi da juna. Na farko yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na biyu kuwa yana cewa gemu ba ya hana ilmi. Mutumin da ya kai shekara 40 ko 50 yana sana'a guda, sa'an nan larura ko sha'awa ta sa ya kama wata wadda bai gada ba, bai kuma taso a cikinta ba, shi ne ke tsaye a tsakanin waɗannan maganganu biyu. Wannan darasi zai duba abin da kimiyya ta gano game da irin wannan mutum, tare da ɗauko misalai daga kudancin Jihar Kano, watau yankin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, inda a cikin abin da bai wuce shekara 15 ba abubuwa biyu suka auku waɗanda suka tilasta wa magidanta masu yawa koyon sabon aiki da furfura a kansu.

Zuwan ruwa da faɗuwar kuza

Abu na farko shi ne ginin madatsar ruwa ta Tiga, a ƙasar Bebeji, daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. An tare Kogin Kano, wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ya ratso dajin Falgore, aka sami tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178, mai iya ɗaukar ruwa kusan kyubik mita biliyan 2. Ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. Manomin da bai taɓa riƙe koma ko taru ba ya wayi gari ga karfasa da tarwaɗa a inda gonarsa take a da. Daga ƙasan madatsar kuma aka ja magudanan ruwa zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka nemi mutanen da suka saba da gero da dawa da gyaɗa su koma noman alkama da tumatir a tsakiyar rani. Shi kansa Audu Bako misali ne na abin da ake magana a kai. An haife shi a 1924, ya yi ƙuruciyarsa a aikin ɗan sanda, ya zama gwamna a 1967, da ya sauka a 1975 kuwa noma ya koma har rasuwarsa a 1980.

Abu na biyu ya faru ne a can ƙarshen kudu, a Riruwai ta ƙasar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa an san garin da haƙar kuza da narka shi, daga baya kamfanoni suka shigo da injuna, har aka kai ga haƙa rami a ƙarƙashin dutse. A watan Oktoba na 1985 majalisar ƙasa da ƙasa da ke tallafe da farashin kuza a kasuwar Landan ta karye, cikin 'yan watanni farashin ya faɗi da fiye da rabi. A cikin waɗannan shekaru na 1980 ne aikin kamfanoni ya durƙushe a Riruwai da Jos. Leburori da masu gyaran injuna, wasu suka yi ƙaura, wasu suka ci gaba da haƙa da hannu, wasu kuwa suka ɗauki fartanya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da aka tambaya ko ƙwaƙwalwarsa za ta iya. Amma tambayar tana nan, kuma masana sun daɗe suna bin ta.

Ƙwaƙwalwar babban mutum

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana haɗe da wasu dubbai ta wasu 'yan mahaɗai da saƙo ke ratsawa. Koyo ba wani abu ba ne illa ƙarfafa waɗansu mahaɗai, da raunana waɗansu, da ƙulla sababbi. An daɗe ana zaton wannan aiki yana tsayawa da zarar mutum ya girma. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ce ta rushe wannan zato.

A shekarar 2000 wata masaniya mai suna Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin Landan, waɗanda ba a ba su lasin sai sun haddace tituna kusan 25,000, aikin da kan ci shekara 3 zuwa 4. Ta tarar wani sashe da ake kira hifokamfas, wanda ke adana taswirar wurare, gefensa na baya ya fi na sauran mutane girma. Mai musu zai iya cewa ai dama masu irin wannan ƙwaƙwalwa su ne ke zama direbobi. Saboda haka ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farkon karatunsu. Sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna 39 da suka ci jarrabawa sashen nan nasu ya ƙaru, waɗanda suka faɗi ko suka bari kuwa bai ƙaru ba. Duk manya ne, ba yara ba. Haka kuma a Jamus, a 2008, aka koya wa dattawa masu kimanin shekara 60 wasan cafe ƙwallaye uku a iska har tsawon wata uku. Ba su ƙware kamar samari ba, amma hoto ya nuna canji a ƙwaƙwalwarsu irin wanda aka gani a ta samarin.

Sai dai ba a ce babu bambanci ba. Masanin halayyar ɗan Adam Raymond Cattell ya raba basira gida biyu: akwai ta saurin warware sabuwar matsala, akwai ta ilmin da aka tara. A 2015 Joshua Hartshorne da Laura Germine suka bincika sakamakon gwajin mutane kusan 50,000, suka ga saurin sarrafa sabon bayani yana kai ƙololuwa wajen shekara 18 ko 19, daga nan ya fara sauka a hankali. Iya karanta halin mutum daga fuskarsa ya fi kyau tsakanin 40 da 50 da 'yan kai. Yawan kalmomin da mutum ya sani kuwa yana ta hauhawa har bayan shekara 60. Ke nan babba yana koyo, amma ba da gudu ba, kuma ya fi kama sabon abu idan ya sami tsohon da zai rataya shi a kai.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kamata malaman makarantun manya su riƙe. Bayan shekara 40 madubin cikin ido yakan yi tauri, ƙananan haruffa su riƙa dushewa. Dattawa da yawa da ke cewa kansu ya daina ɗauka, tabarau kawai suke bukata. Jihar Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin Hukumar Ilmin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983.

Guzurin da ake tafiya da shi

Tun a 1901 Edward Thorndike da Robert Woodworth suka nuna cewa ƙwarewa a wani aiki tana taimakon wani aikin ne gwargwadon abin da ayyukan biyu suka yi tarayya a kai. Wannan ƙa'ida ita ce mabuɗin fahimtar wanda ke cin nasara a sabuwar sana'a da wanda ke faɗuwa.

A ɗauki mahaƙin kuza. Aikinsa na yau da kullum shi ne jawo ruwa ta magudana, da zuƙe ruwa daga rami, da wanke ƙasa. Ya san kuza ya fi yashi nauyi fiye da ninki biyu, don haka in aka daidaita gudun ruwa sai yashi ya tafi kuza ya zauna. Mutumin da ya shekara 20 yana lura da gangare da gudun ruwa, yana kwance injin jan ruwa yana ɗaurewa, in ya koma lambu ba daga farko zai fara ba. A tudun Jos an ga wannan a fili, inda tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa suka zama tushen noman kayan lambu na rani. Haka mai lambun fadama wanda ya taso da jigo da fangali: da ƙananan injunan ban-ruwa suka yaɗu a shekarun 1980, abin da ya canja masa shi ne hanyar ɗago ruwa, amma sanin lokacin da albasa ke son sha yana nan a kansa. Malamin makaranta da ya yi ritaya ya kama kiwon kifi, shi kuma guzurinsa alƙalami ne. Tun da abincin kifi shi ne ke cin fiye da rabin kuɗin kiwo, wanda ya saba rubuta komai a littafi zai riga maƙwabcinsa gane ko riba yake ci ko uwar kuɗi.

A fagen kimiyya ma haka abin yake. Francis Crick na ƙasar Ingila ilmin fizis ya karanta, ya yi aikin ƙera nakiyoyin ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai shiga nazarin halittu ba sai 1947 yana da shekara 31. Lissafin da ya zo da shi daga tsohon fagensa yana cikin abin da ya taimake shi, shi da James Watson, suka gano siffar DNA a 1953. Wani bincike kuma da Pierre Azoulay da abokan aikinsa suka yi a kan mutane miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka ya nuna matsakaicin shekarun waɗanda kamfanoninsu suka fi bunƙasa 45 ne, kuma waɗanda suka taɓa aiki a fagen da suka kafa kamfanin sun fi sauran cin nasara nesa ba kusa ba. Amurka ba Ƙiru ba ce, amma ƙarshen binciken bai yi nisa da abin da dattawan kasuwar Kwanar Dangora za su faɗa ba, cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Sabo turken wawa

To amma guzurin nan yana da ɗaya fuskar, kuma a nan ne mafi yawan hasara take. Idan sabon aiki ya yi kama da tsoho a ido, alhali ƙa'idarsu ta bambanta, sai tsohuwar ƙwarewa ta zama tarko. Noman damina da noman ban-ruwa su ne misali mafi kyau, domin duk fartanya ce, duk ƙasa ce, duk shuka ce.

Manomin damina ya taso ne da tsoron fari. A wurinsa ruwa rahama ce, kuma bai taɓa riƙe mabuɗinsa ba. Yakan jira ne sama ta ba shi. Ranar da aka damƙa masa magudana cike da ruwa, hankalinsa ba zai ba shi a rufe ba tun gona ba ta yi tatil ba. Abin da bai sani ba shi ne saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ramuka, wasu ɗauke da ruwa wasu da iska, kuma daga iskar nan saiwa ke samun oksijin da take bukata kafin ta iya zuƙar ruwa da abinci. In ruwa ya cika ramukan duka ya kwanta kwana biyu ko uku, saiwar tumatir takan shaƙe ta fara ruɓewa. Sai ganye ya yi yaushi. Manomin damina kuwa yaushi ɗaya ya sani, na ƙishirwa. Ya ga alama, ya fassara ta da tsohon ilminsa, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shukar da hannunsa.

Ɓarnar ba ta tsaya a shukar bana ba. Duk ruwan kogi, kome daɗinsa, yana ɗauke da ɗan gishiri narkakke. A ƙaddara kowace lita tana da kashi ɗaya bisa goma na giram, abin da harshe ba zai ji ba. Hekta ɗaya in ta sha ruwa mai zurfin mita ɗaya a kakar rani, ta sha lita miliyan 10 ke nan, watau an zuba mata gishiri kilo 1,000. In ƙasa tana tsanewa da kyau, ruwan damina zai wanke shi ya yi ƙasa da shi. In kuwa ana cika ban-ruwa kuma magudanan fitar da ruwa sun toshe, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya yi ta hawa har ya kusanto saiwa, rana ta riƙa janyo shi sama yana ƙafewa, gishirin ya zauna a fuskar gona fari fat kamar kanwa. Ruwan da ya kwanta kuma gida ne na sauro da na katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Lokacin shuka ma haka ne. Manomin damina sama yake kallo. Ranar da ruwa ya sauka sosai, ranar ce ta shuka. Alkama ba ruwanta da hadari, sanyin hunturu take bi. In ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, ƙwayar ta motse. Amma a daidai wannan lokaci dawa ba ta gama barin gona ba, kuma babu abin da ke cikin tsohon ilmin manomi da zai gaya masa cewa jinkirin mako uku hasara ce. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987 farashi ya tashi, ma'aikata da 'yan kasuwa suka ruga gona, su kuma da nasu sabon: mai ofis yana zaton gona za ta gudana da umurni daga nesa, ɗan kasuwa yana zaton in ya zuba jari ninki biyu amfanin zai ninka.

Abin lura shi ne, yaro ɗan shekara 15 ba ya faɗawa wannan rami da sauƙi, ba don ya fi uban basira ba, sai don ba shi da tsohuwar amsa da za ta riga tunani fitowa. Maganin babba shi ne ya auna maimakon ya ƙiyasta. Kafin ya saki ruwa ya tona ƙasa kamar tsawon tafin hannu, ya dunƙula ta. In ta dunƙulu ta bar danshi a hannu, ba ta bukatar sha, kome yaushin ganye.

Aljihu da kunya

Da za a tsaya a kan ƙwaƙwalwa kaɗai da an zalunci mutanen da suka faɗi. Tina Wallace, wadda ta yi nazarin shirin noman rani na Kogin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa ƙananan manoma da yawa ba su noma filayensu da rani ba, haya suka ba masu hali, domin sabon noman yana son kuɗin taki da iri da tarakta da ƙwadago a lokacin da aljihu ya bushe. Ba koyo ne ya gagare su ba. Saurayi in gwajinsa ya lalace shi kaɗai ya yi hasara. Magidanci mai iyali goma in nasa ya lalace rumbu ne ya tafi. Ko ƙwararre ma bai tsira ba, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta share gonaki a Kano da Kaduna cikin 'yan kwanaki.

A nan al'adar ƙasar Hausa ta riga littafi. Tun tale-tale manomi yana da sana'ar rani, ko saƙa ko jima ko ɗinki ko fatauci, kuma ba ya sakin fartanya don ya kama ta. Wanda ya gwada tumatir a fangali goma alhali masararsa tana rumbu, in ya yi kuskure kuɗin makaranta ya biya. Wanda ya sayar da gonar gado ya haƙa tafkunan kifi shida a karon farko, caca ya yi. Haka kuma koyo kaɗan-kaɗan ya fi zama. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya, kuma binciken baya ya tabbatar da cewa barci yana taimakawa wajen kafa abin da aka koya. Saboda haka taron bita na yini guda, wanda ake raba takarda da kuɗin mota a watse, amfaninsa bai kai na malamin gona da ke leƙo gona sau ɗaya a mako har a girbe ba.

Saura kunya, wadda ba ta fitowa a hoton ƙwaƙwalwa amma tana hana koyo. Dattijon da ake durƙusa masa a gaishe shi, yana da wuya ya tsuguna gaban sa'an ɗansa ya ce bai gane ba. Ɗaliban da ke karanta wannan darasi su ne sau da yawa ke karanta wa iyayensu rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari, su lissafa musu awon taki. Ɗalibi mai hankali ba zai ce, "Baba, ba haka ake yi ba." Zai ce, "Baba, mu tona mu gani," ya bar ƙasa ta yi magana.

Gwajin tuluna a cikin aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai ƙarfin sabo ba tare da kayan aiki ba, ta hanyar gwajin da Abraham Luchins ya wallafa a 1942. Za a ƙaddara akwai tuluna uku marasa awo a jiki, da rijiya, ana son a auno wani adadin ruwa ta cikawa da juyewa kawai. A raba aji gida biyu, kada wani rukuni ya ga aikin wani.

Rukuni na farko a ba su matsaloli huɗu a jere. Tuluna masu cin lita 12 da 50 da 4, a auno 30. Masu cin 7 da 40 da 5, a auno 23. Masu cin 15 da 64 da 8, a auno 33. Masu cin 9 da 35 da 3, a auno 20. Duk hanya ɗaya ce ke fid da su: a cika babban tulu, a ɗebe cikin tulun farko sau ɗaya, a ɗebe cikin na ƙarshe sau biyu. Sa'an nan a ba rukunan biyu matsala ta biyar: tuluna masu cin 18 da 40 da 4, a auno 14. Doguwar hanya tana aiki a nan, amma akwai gajeriya, watau a cika mai 18 a ɗebe 4. Luchins ya tarar mafi yawan waɗanda suka saba sun bi doguwar, waɗanda ba su saba ba kuwa kusan dukansu gajeriyar suka gani nan take.

Matsala ta shida ita ce ta tuluna masu cin 25 da 70 da 6, a auno 19. A nan doguwar hanya ba ta fita sam. Malami ya ba da minti biyu, ya ƙirga hannuwan da suka tashi a kowane rukuni, ya rubuta adadin a allo, sa'an nan ya tambayi waɗanda suka maƙale wane tulu suka fara cikawa.